Kintinkirin Kasuwar Maigatari

Shekara ashirin da biyu na yi a aikin soja, ban taɓa harbin ko zabuwa ba. Bindigata keken ɗinki ce. Na shiga bayan an gama yaƙin basasa, aka lura ina da hannun ɗinki tun daga gida, sai aka tura ni shagon telolin bariki. A can na tsufa, na fita da igiya biyu a hannu, wato kofur. Da na dawo Gumel na buɗe shago a bakin kasuwa ina ɗinkin kaftani da kayan 'yan makaranta, amma sunan Kofur bai sake ni ba, ni ma kuma ban so ya sake ni ba.

Abu ɗaya na iya wanda babu telan da ya iya shi daga nan har bakin iyaka, shi ne jera ƙyallen lamba. Kowace lambar yabo da aka ba soja tana rataye ne a jikin wani ɗan ƙyalle mai launinta. Ranar da ba a rataya ƙarfen ba, sai a yanki ƙyallen kamar faɗin yatsa, a naɗe shi a kan kwali mai tauri, a ɗinka shi a saman aljihun hagu na rigar fareti. A bariki ribin muke ce masa. Ba a jera su yadda aka ga dama. Wanda ya fi daraja shi ke zama kusa da maɓallan riga, sauran su biyo shi zuwa wajen hammata. Na yaƙi yana gaba da na daɗewa a aiki, na daɗewa yana gaba da wanda aka raba wa kowa don murnar wani biki. Huɗu ke cika layi, in sun yi yawa a hau sama, kuma ba a barin tazarar da ko tsinin allura zai shiga. Wanda ya san abin, da kallo ɗaya zai karanta rayuwar mutum a ƙirjinsa. Telolin gari kuwa jera su suke yi kamar aikin wuyan riga, ja kusa da ja, kore kusa da kore, don ya yi kyau a ido. Na sha yi musu dariya a kan haka. Ni nawa biyu ne, na daɗewa da na biki, dukansu irin waɗanda ake samu don kawai mutum bai mutu ba kuma bai gudu ba.

Sau ɗaya a shekara, a watan farko, mu tsofaffin sojojin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar muna taruwa a wani filin ƙwallo a bayan gari don tunawa da 'yan mazan jiya. Mako biyu kafin ranar shagona yake cika da riguna masu warin kafur da adaka. Wanda aka auna shi yana ɗan shekara talatin, ga shi yau da tumbi kamar randa, amma rantsuwa yake yi rigar ce ta tsuke. A wurin taron rumfa ɗaya ake kafawa, da kujeru kamar goma sha biyu. Sauran mutane a rana suke tsayawa a layi, a yi jawabi, a busa ƙaho, a raba shinkafa da atamfa, a watse.

Mai cewa wane ya zauna wane ya tsaya shi ne shugaban ƙungiyarmu, wani tsohon samanja ɗan Gagarawa da ya dawo Gumel da zama. Na san shi tun a bariki. Yana wurin horo aka tsayar da yaƙi, daga nan kuma sito aka kai shi, inda ya ƙare aikinsa yana raba bargo da sabulu. Amma a bakin shagona, in ya sami masu saurare, sai ka ji ya haye koguna da bindiga a ka. Kowace shekara kogin yana ƙara faɗi. Ni da na san gaskiya ni ne mai gyaɗa masa kai, domin ina son kujera. Ba wani abu ba ne, kujerar roba ce fara da kwalbar lemo. Na duba zuciyata sau da yawa ko zan sami wani dalili da ya fi wannan nauyi, ban samu ba.

Cikin masu kawo mini riga akwai Kawu, ɗan uwan mahaifiyata, daga wani ƙauye a bayan Sule Tankarkar. Shi ya je yaƙin da ƙafarsa yana saurayi, ya dawo da igiya ɗaya, wato las kofur, da gutsuren ƙarfe a cinyar dama wanda ba a iya cirewa ba. Ya koma noman gero da wake, yana ɗingishi a bayan garma. Ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙi ba. In aka matsa masa sai ya ce ruwan sama ya yi yawa a can, shi ke nan. Ribin uku gare shi, na farkon shi ne na waɗanda suka shiga filin daga, kore da ja a tsakiya, ya koɗe har ya koma kamar busasshen ganyen dawa. A shekarar da nake magana yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum. Ya zo a bayan acaɓa da rigar a naɗe cikin tsohon zanen marigayiyar matarsa, ya ce ɗinkin ya saki, in ƙara ɗaure masa.

Washegari Samanja ya zo a buɗa masa ƙugun wando, ya tarar da rigar a shimfiɗe a tebur. Ya daɗe yana kallon ƙirjinta. Sai ya fara kewaye-kewaye, wai shi ma ya cancanci irin wannan, takardunsa ne suka ɓace a ofis. Na ce ai ana samun sabo a Kano, in ya ba da saƙo za a kawo.

Ya ce, "Kofur, sabo ai tona asiri yake yi. Tsoho da ƙyalle mai sheƙi, wa zai yarda? Irin wannan nake so, wanda rana ta ci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Kawuna ne."

Ya ce, "Kawun naka yana ganin ƙirjinsa ne?"

Daga nan ya sauya magana, ya ce mutum ɗaya ya rasu cikin masu zama a rumfa, kujerarsa babu kowa, yana ta tunanin wa ya dace. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban ƙara ba. Yana fita na ɗauki reza na warware ribin ɗin, na ɗinka shi a rigar Samanja da ke cikin waɗanda aka kawo gyara, a gurbin farko, kusa da maɓalli. Sai da na matsar da sauran nasa guda shida, kowanne ya ja baya da taki ɗaya, na sake gina layin sama. Aiki ne mai kyau ƙwarai.

Da ina da sauran mutunci, da aƙalla na aika Kano an sayo wa Kawu na gaskiya, ko da sabo ne. Amma na raina shi. Na ce a raina manomin ƙauye ne, bai yi boko ba, bai san gaba da bayan abin da ke ƙirjinsa ba, ga shi makaho. Ni da aji huɗu kacal na yi a firamare, ni ne mai raina wani don bai yi karatu ba. Ranar Alhamis na shiga mota zuwa kasuwar Maigatari, na bi layin 'yan koli har na sami wani mutumin Damagaram yana sayar da kintinkiri, irin wanda mata ke kewaye bakin matashin kai da shi in za a yi jeren amarya. Akwai kore da ja a tsakiya. Jan ya ɗan fi faɗi, kuma akwai siririn zare mai ruwan zinariya a gefe. Mutumin ya tambaye ni ko 'yata zan aurar, na ce e, ya yi mini addu'a, ya ƙara mini taƙi ɗaya kyauta.

A shago na zare zinariyar da allura, sili ɗaya-ɗaya. Na jiƙa kintinkirin a ruwan shayi mai kauri, na shanya a kan kwanon rufi kwana biyu, na goga masa toka, na naɗe a kwali na ɗinka. Na ja baya na dube shi, na ji daɗin gwanintata. Ina so a san wannan, domin masu ba da labarin laifinsu sukan ce zuciyarsu tana ta dukan uku-uku. Tawa lafiyarta ƙalau a ranar.

Kawu ya zo karɓa. Ya shimfiɗa rigar a cinyarsa, ya bi layin da babban yatsa, daga hammata zuwa maɓalli. Da ya kai na ƙarshen ya tsaya, ya sake shafawa. Ya ɗago kai ya fuskanci inda nake. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙo mini ƙullin wake da ya saba kawo wa iyalina, ya tafi.

A al'ada baƙon da ke duba layi wani ma'aikaci ne da ake turowa, wanda bai san bambancin ribin da igiyar takalmi ba. Da wannan na dogara. A shekarar nan kuwa sai ga wani kyaftin matashi cikin kayan sarki, an turo shi saboda ƙorafin da ake yi cewa waɗanda ba su taɓa aikin soja ba suna aron kaki su shiga layin shinkafa. Ya fara da rumfa. Da ya zo kan Samanja ya ga koɗaɗɗen ƙyallen nan a gurbin farko, sai ya ƙame ya sara masa, ya kama hannunsa da hannu biyu. Samanja ya lumshe ido kamar mai tuna abokan da suka faɗi a gabansa. Ni ina kujera ta uku daga gefensa, da lemona a hannu.

Kyaftin ya fita rana ya bi layi. Ya wuce mutum kamar ashirin, ya zo kan Kawu ya tsaya. Ya sunkuya, ya taɓa ƙyallen da farce. Ya tambaye shi da ladabi inda ya samo wannan. Kawu ya ce a inda aka ba shi. Kyaftin ya ce wannan ba kayan soja ba ne, bai taɓa zama kayan soja ba, irinsa ne a bakin matashin kan mahaifiyarsa. Bai yi tsawa ba, amma fili ya yi tsit, kowa ya ji. Ya ce abin kunya ne dattijo ya ci da sunan waɗanda suka mutu, ya roƙe shi ya fita daga layi.

Ban ga laifin yaron nan ba har yau. Idonsa ya gaya masa gaskiya, ya yi aikinsa. Waɗanda nake ganin laifinsu su ne mu. Wani daga bayan layi ya ce las kofur ɗin matashin kai, dariya ta bi layi har cikin rumfa. Samanja ya girgiza kai yana salati ƙasa-ƙasa, irin na wanda duniya ta ba mamaki. Da Kawu ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna cinyarsa, da magana ta ƙare. Bai yi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen rumfa, ya tsaya haka kamar mai jiran a kira shi. Ni kuma na sunkuyar da kai ina karanta rubutun jikin kwalba. Da ya gaji ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya ɗingisa ya nufi titi shi kaɗai, yana laluben hanya da ƙafa.

Shekara uku na yi ina zama a kujerar nan. Kawu bai sake zuwa ba, wake ma ya daina zuwa. In matata ta tambaya sai in ce tsufa ne. Na daina zuwa wajen dangin mahaifiyata, sai da aka yi wata rasuwa da ba ni da hanyar kauce mata. Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida, sai ga Kawu ɗansa na jan sandarsa. Wani mahauci da ke zaune kusa da ni ya ce wa na gefensa ga sojan kintinkiri nan ya iso. A hankali ya faɗa, ba da mugunta ba, kamar yadda ake kiran mutum da sunan da kowa ya san shi da shi. Ɗan Kawu magidanci ne mai 'ya'ya shida. Ya ji, na ga ya ji, ya sunkuyar da kai ya zaunar da ubansa. Ashe maganar ta bi motocin kasuwa ta riga Kawu isa gida tun ranar faretin.

Da lokacin taro ya matso Samanja ya aiko da rigarsa a sake buɗa ta, don tumbin bai daina tafiya ba. Na warware ribin ɗin Kawu na sa a aljihuna. Ragowar kintinkirin yana nan a cikin gwangwanin maɓallai, na yanko na ɗinka masa a gurbin. Ya zo ya saka a gaban madubi, ya buga ƙirji, ya ce hannuna ba ya tsufa.

Na sami Kawu da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiya da kaba. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar jiya muka rabu. Na kama hannunsa na sa masa ƙyallen a tafi. Ya murza shi, ya juya bayansa, ya sami wani ɗan ƙulli mai tauri inda shi da kansa ya taɓa ɗinke shi da zaren buhu. Ya ce nasa ne. Na fara ba shi labari, ina kame-kame, ina sa Samanja a gaba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Tun a shagonka na sani. Nawa yana da kaushi, wancan santsi gare shi."

Na ce, "To Kawu, me ya hana ka faɗa wa kyaftin?"

Ya ce, "In ce masa wa ya ɗinka? Ɗan 'yar uwata? A gaban mutanen Gumel?" Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Na dai tsaya kaɗan, ko za ka taso."

Na ce a kawo rigar in mayar masa yanzu, na zo da allura da zare. Ya ce rigar tana cikin rumbu, in ɗauka in tafi da ita, amma kada in ɗinka tukuna. Ya ce ba a ɗaki aka cire masa ba, a fili aka cire, can zan mayar. In tsaya a gaban waɗanda suka yi dariya in faɗi abin da na faɗa masa. Shi ba zai je ba, amma in na faɗa labari zai zo masa, tunda wancan ma ya zo. Na yi alkawari har da rantsuwar da bai nema ba.

Ranar taro na tafi da rigar a cikin leda. Na shirya maganata tun a gida. Da na isa aka nuna mini kujerata, aka miƙo lemo, Samanja ya dafa kafaɗata ya ce da baƙo wannan shi ne telanmu. Na ce bari a gama jawabi. Aka gama, na ce bari a busa ƙaho. Aka busa, motar shinkafa ta shigo, layi ya watse. Na koma gida da ledata, na ce baɗi.

Kawu ya rasu da bazara, kafin ruwan farko.

Baɗin ta zo na faɗa. Na fita tsakiyar fili tun kafin a fara komai, na ɗaga rigar, na faɗi duka, da reza da shayi da toka da kujera. Na ce wanda bai yarda ba ya je ya dubi ƙirjin shugaba. Suka je suka duba. Dariyar da suka yi wa Kawu ita suka yi wa Samanja, ba ragi ba ƙari, har da mai riƙe ciki. Shi kuma ya ce sharrin tela ne, ya tafi gida ya yi wata biyu bai fito ba, daga baya ya dawo ya ci gaba da shugabancinsa, don babu mai son wahalar zuwa neman shinkafar. Babu wanda ya ce a yi wa Kawu ko fatiha. Wani tsoho ɗan Maigatari ya jawo ni gefe ya ce ai su ba su taɓa shakka ba, rundunarsu ɗaya da shi, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauko shi ranar da aka harbe shi. Na tambaye shi inda yake ranar da kyaftin ya fitar da Kawu. Ya ce yana nan a layi, mutum biyu tsakaninsu, amma ka san soja ba ya magana a fareti. Na so in tofa masa yawu, sai na tuna shi a rana yake tsaye ranar, ni ina inuwa.

Na mayar da ribin ɗin gurbinsa, na farko, kusa da maɓalli, sauran biyun suna biye da shi, babu tazarar tsinin allura. Na goge rigar na kai wa ɗansa a ƙauye. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa aka kawo mini fura. Na gaya masa na faɗa a gaban kowa. Ya ce ya ji, direbobi sun kawo labari. Sai ya ce bara, bayan taro, Baba ya yi kusan wata guda yana sa a fitar da shi bakin hanya ranar kasuwa. Duk wanda ya sauko daga motar Gumel sai ya kira shi ya tambaye shi me aka ce a wurin fareti. Su kuma su ce an raba shinkafa.